Akwatin tattalin mai na Alhaji Mumuni

Kun ce aikinmu ya zama mai sauƙi. Na ji ku, domin bencin mai shayin da kuke zama bai kai taku goma daga ƙofar garejina ba, kuma ba kwa rage murya. A cewarku yanzu mota ce ke faɗin ciwonta da bakinta. A jona mata na'ura, a karanta a wayar hannu, a canja abin da ta ce, shi ke nan. To madalla. Shekara arba'in da 'yan kai ina kwance ƙarƙashin motoci a nan Maamobi ta Accra, ashe jira nake ku zo ku sanar da ni.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a wankin kusoshi ne, a cikin gwangwanin madara da aka zuba wa fetur. Mahaifina ne ya kai ni Alajo wajen Masta Tetteh, ɗan ƙabilar Ga, da ƙullin goro da sifana shida sababbi. Masta ya karɓi goron, ya kulle sifanonin a akwatinsa, ban sake ganinsu ba sai bayan shekara biyu. A watan da aka kai ni aka kawo Hamidu, ɗan Nima, siriri, mai yawan tambaya. Ni da shi muka raba gwangwanin nan. Daga kusoshi aka ƙara mana girma zuwa wankin kafireto, inda ake busa ƙananan ramuka da baki har harshe ya daina jin ɗanɗanon koko. Masta yana da wata ɗabi'a da muke ɗauka ɓata lokaci ce. In mutum ya kawo mota ya ce tana shan mai, ba ya buɗe bonet. Sai ya ce ɗayanmu ya shiga gaba, mai motar ya kai shi Kotobabi ya dawo da shi. In ka dawo ba zai tambaye ka ƙarar inji ba. Cewa zai yi, "Yaya ƙafarsa?" In ka ce ba ka duba ba, ka koma gwangwani.

Da aka yaye mu, ni da Hamidu muka kama wannan filin da kuke gani. A lokacin totur igiyar ƙarfe ce kawai. Ka taka, ta ja, maƙogwaron inji ya buɗe, iska da mai su shiga. In ta tsinke a hanya direba ya ɗaura igiyar shanya ya riƙa ja ta taga har ya iso wurinmu. Daga baya motocin da ake saukewa daga jirgin ruwa a Tema suka fara zuwa babu igiyar. A cikinsu, in ka taka totur saƙo ne kake aikawa ta wayar lantarki zuwa kwamfutar motar, ita kuma ta yanke yadda za ta buɗe maƙogwaro da yawan man da za ta fesa. Da yawa daga cikin sa'o'inmu a nan suka ajiye aiki. Mu muka raba shi biyu: ni inji da birki da ƙafa, Hamidu wayoyi. Kayan aikinsa ba su cika jakar leda ba. Ƙwan fitila ɗaya da ya ɗaura wa waya biyu, mita tsohuwa da aka naɗe da baƙin tef, filaya, da wani siririn sukudireba da ya hana kowa taɓawa. Da su ya koyi motocin kwamfuta, mota bayan mota, babu wanda ya koya masa.

Akwatin farko da na gani a tasin Alhaji Mumuni ne. Alhaji shi ne ciyaman ɗin direbobin tasha ta nan bakin kasuwa, mutum ne mai jiki da murya, kuma abin da ya faɗa a tasha shi ake bi. Yanzu ya bar tuƙi ya koma Bawku wajen 'ya'yansa, kuma kafin ya tafi ya ce in na ga dama in faɗi wannan labari. Ranar da na ga akwatin, motar ya kawo canjin fulogi. Na leƙa ciki sai na ga wani abu kamar akwatin ashana a manne kusa da sitiyari, da maɓalli biyu da lamba mai koren haske.

Na ce, "Alhaji, rediyo ka ƙara?"

Ya ce, "Masta Sani, wannan ya fi ƙarfinka. Na tattalin mai ne. Injiniya Rashid ya sa mini."

Rashid saurayi ne da ya buɗe shago a New Town, da farar riga da kwamfutar cinya. Injiniyancinsa daga wayar hannu ya samo shi, irin naku. Hamidu ya kwanta a ƙasan sitiyari ya bi wayar akwatin da yatsa, bai yi minti biyu ba ya fito yana kaɗe riga.

Ga abin da ya gani, ku buɗe kunne, tunda har yau kuna sayar wa juna shi. An cire soket ɗin totur, an sa akwatin a tsakani. Saƙon ƙafarka sai ya bi ta cikinsa kafin ya kai ga kwamfuta. In ka sa shi a wajen da suke kira na gudu, ka taka kaɗan ya ce wa kwamfuta ka taka da yawa, motar ta zabura, kai kuma ka ɗauka an ƙara maka inji. In ka sa shi a na tattali, ka taka da yawa ya ce kaɗan ka taka, motar ta yi nauyi kamar an ɗora mata buhunan doya. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya taɓa mai, ba ya taɓa iska, bai ma san da inji a motar ba. Hawan tudun Kanda da fasinja huɗu yana bukatar man da yake bukata. In akwatin ya rage saƙon, ƙafarka za ta ƙara nutsewa har motar ta samu abin da take nema, sai ka sha man da za ka sha da ma, ka ƙara da ciwon gwiwa.

Hamidu ya faɗa wa Alhaji haka, a hankali, da ladabi.

Alhaji ya yi dariya har tumbinsa na taɓa sitiyari. Ya ce, "Ku dai ku tsaya kan fulogi."

Shekarar nan ita ce mafi muni da muka gani. Farashin mai ba ya kwana biyu a wuri ɗaya, direba ya wuni yana zagaye ya koma gida da abin da bai kai na waken safe ba. Mutum a wannan hali ko layar tattalin mai ka nuna masa zai saya. Alhaji ya tsaya a tasha ya ce tun da ya sa akwatin nan allurar mansa ta daina gudu. Cikin wata biyu kusan kowace tasi a layin tana da koren haske kusa da sitiyari. Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma wanda ya je sa akwati sai Rashid ya ce bari ya duba masa motar da kwamfuta, daga nan juyen mai, daga nan birki. Aka fara cewa tsofaffin Maamobi ba su san motar zamani ba, har sun ce akwatin ƙarya ne don ba su iya sa shi ba. Wannan maganar daga bakin Alhaji ta fito, a gaban mutane. Motocin da muka yi shekara ashirin muna gyarawa suka riƙa wuce ƙofarmu, direban ya ɗaga hannu ya kau da kai. Akwai makon da aikin da muka yi duka bai wuce ɗaurin salansar wata mai sayar da ruwan leda ba. Awakin unguwa suka mayar da inuwar garejin wurin barci.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne Alhaji ba ƙarya yake yi ba. Mansa ya ragu da gaske. Mutum ne mai lura, a gidan mai ɗaya yake sha, kullum sai an cika masa har baki, kuma ya san sawu nawa yake yi zuwa Circle kafin allura ta kai rabi. Sawun ya ƙaru. Wata safiya Hamidu ya tafi tasha ya shiga motarsa kamar kowane fasinja, ya zauna gaba, ya je Circle ya dawo.

Na ce, "Yaya?"

Ya ce, "Sani, mutumin nan da muka sani yana taka totur kamar ya ga kunama, yanzu lallaɓa shi yake. Tun daga nesa yake sakin ƙafa in ya hango danja. Ya daina tsere da direbobin bas ɗin trotro. In yana jiran fasinja kashe inji yake. Idonsa na kan koren hasken nan kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti."

Wato ya sayi abu da tsada, ya yi shelarsa a tasha, dole abin ya yi aiki. Sai ya gyara tuƙinsa, ya ba akwati ladan.

Bayan kwana kaɗan Alhaji ya kawo motar, fitilar birki ta ƙi kamawa, Rashid kuma ya tafi Abossey Okai sayen kaya. Ya ajiye makulli ya wuce masallaci. Makunnin fitilar birki yana nan ƙasan sitiyari, tazarar yatsa huɗu daga soket ɗin totur. Na ga Hamidu ya daɗe a kwance fiye da yadda aikin ke bukata. Da na leƙa, ya zare akwatin daga tsakani, ya mayar da soket ɗin motar wurinsa na asali, ya jawo wa akwatin wuta daga wani wajen don hasken ya ci gaba da kamawa, lambobin su ci gaba da canjawa in an danna. Ya naɗe komai da tef tsaf, ya tura sama inda ido ba ya kaiwa.

Na ce, "Hamidu, motar mutum ce. Fitila ya kawo."

Ya ce, "Wata ɗaya kawai. Juma'a ta huɗu, in an sauko daga masallaci tasha ta cika, mu je mu tambaye shi a gaban kowa ko akwati na aiki. In ya gama rantsuwa, in ce ya sunkuya ya duba."

Na ce, "Ba a yi mana wannan tarbiyya ba."

Ya ce, "Tarbiyyar tana nan. Motocin ne babu."

Ban hana shi ba. Wannan laifin nawa ne.

Mako na farko Alhaji ya tsaya a ƙofarmu, bai ko kashe inji ba. Ya ce, "Masta Hamidu, ka ga abin da nake gaya maka? Akwatin ya saba da motar. Nauyin nan da take yi da farko duk ya tafi, man kuma yana nan yadda yake." Hamidu ya ce, "Ikon Allah." Da motar ta wuce ya zauna kan tsohuwar taya ya yi dariya har da tari.

A mako na uku, ranar Talata, Hamidu ya ce kansa na sara, ya tafi gida kafin la'asar. Laraba aka kai shi asibiti. Alhamis da hantsi ya cika. An yi masa sutura bayan azahar.

Kafin a yi masa salla liman ya juyo ya ce wa jama'a, kamar yadda aka saba, duk wanda mamacin ya taɓa yi wa wani abu ya yafe masa, wanda kuma ya san da wani haƙƙi a kansa ya sanar da 'yan'uwa. Mutane suka amsa sun yafe. Alhaji Mumuni yana sahun gaba, muryarsa ta fi ta kowa. Na ji shi. Amma abin da ya yafe bai san da shi ba, ni kuwa na sani.

Kwana uku Alhaji bai ɗauki fasinja ba. Motarsa ce ta yi ta jigilar masu gaisuwa daga Alajo da Fadama, ita ta ɗauko tabarmi da kujeru, ita ta kai mata kasuwa. A zaman makoki, da hira ta ɗan saki, wani ya tambaye shi yadda yake iya wannan zirga-zirga da tsadar mai. Ya ce, "Akwati, ɗan'uwa. Allah ya ji ƙan Masta Hamidu, har ya koma ga Allah bai yarda da shi ba." Aka yi murmushi. Ina zaune a gefensa ina miƙa wa mutane ruwa.

Juma'a ta huɗu ta zo. Na sa filayar Hamidu a aljihu na tafi tasha bayan an sauko. Ta cika kamar yadda ya ce za ta cika. Rashid ma yana nan, ya jingina da wata mota yana nuna wa direbobi sabon samfuri mai maɓalli uku. Alhaji na kan bencinsa. Tambaya ɗaya zan yi, ya rantse, in ce ya sunkuya. Kafin magariba labarin ya kai New Town, ranar Litinin motoci su dawo ƙofata. Na san haka kamar yadda na san sunana.

Na kuma san abin da zai biyo baya. Ba za a ce akwati ƙarya ne kawai ba. Za a ce an ba Hamidu makulli don fitila, ya sa hannu inda ba a aike shi ba, ya bar dattijo yana yawo wata guda ana shirin yi masa dariya. Duk wanda ya taɓa kawo masa mota zai fara tunanin me aka yi wa tasa. Kuma za a faɗi haka kwana takwas da binne shi, a tashar da ke kallon ƙofar gidan da matarsa ke zaman takaba. Shi ba ya nan balle ya ce ga dalilinsa.

Alhaji ya hango ni ya ce, "Masta Sani, lafiya? Ko ka zo sayen akwati?" Aka yi dariya.

Na ce, "Gobe da safe ka biyo ta gareji, Alhaji. Akwai abin da zan duba a motarka."

Ya zo da hantsi. Babu kowa sai ni. Na buɗe ƙofar direba, na ja kujera baya, na warware tef ɗin, na ce ya sunkuya. Da ƙyar ya durƙusa. Na nuna masa soket ɗin totur a mazauninsa na asali, na nuna masa na akwatin yana lilo, bai shiga ko'ina ba. Na danna maɓalli, lamba ta canja daga biyu zuwa uku.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar fitilar birki."

"Wa ya yi?"

"Hamidu. Ina tsaye."

Ya miƙe ya dafa rufin motar. Ya ce, "In zan hau Kanda ina sa shi a uku. Ina jin motar tana canjawa."

Na ce, "Ka ji."

"Kar ka yi mini ba'a, Sani."

"Ba ba'a nake ba, Alhaji. Man da ka rage, kai ka rage shi. Ban kira ka don akwati ba. Ranar jana'iza ka ce ka yafe, amma ba ka san wannan ba. Ya taɓa motarka ba da izininka ba, kuma niyyarsa ya kunyata ka a tasha. Shi nake roƙar wa. Nawa laifin, ka yi yadda ka ga dama da ni."

Ya ce, "A tasha."

"Jiya. Bayan Juma'a."

Ya dube ni, ya dubi aljihuna inda filayar take har yanzu. Ya ce, "Shi ya kawo ka jiya."

Na ce, "Shi."

Ya zauna kan tayar nan ta bakin ƙofa, ya cire hula ya riƙe a hannu. Can ya ce, "Da yana da rai, wallahi sai mun je gaban sarkin Zango." Ya juya hular a hannunsa. "Siririn banza. Tun muna yara haka yake, sai ya nuna maka ya fi ka sani." Ya mayar da hular. "Na yafe masa duniya da lahira. Allah ya haskaka kabarinsa. Kai ma na yafe maka."

Na ce, "Amin. Na gode."

"Wa ya sani?"

"Ni da kai."

"To ya tsaya nan. Da bakina na sa rabin tasha suka sayi abin nan. Ba zan koma in ce musu fitilar ado na sa su saya ba."

Na ce, "In mayar maka da shi yadda yake?"

Ya ce, "Kar ka taɓa. A haka ta fi tafiya."

Na naɗe tef ɗin na tura shi sama.

Motocin ba su dawo ba. Kaɗan da suka dawo, birki da ƙafa suke kawowa, abin da kwamfutar cinya ba ta iya ɗaurewa. Wayoyi kuwa babu mai yi a nan yanzu, jakar ledar tana rataye inda ya bar ta. Amma Alhaji mutum ne da ba ya iya riƙe alheri a ciki. Da direbobi suka ga nasu akwatin bai rage musu komai ba, nasa kuwa yana yi, suka matsa masa da tambaya. Sai ya ce musu marigayi Masta Hamidu ne ya saita masa shi kafin ya rasu, saitin da Rashid bai sani ba.

Na farkon da ya zo mini da wannan magana wani direba ne mai suna Fuseini, mutumin Tamale. Ya ajiye mota ya ce, "Masta, saitin Alhaji nake so."

Na ce, "Abin da zan iya yi maka shi ne in cire akwatin nan, in duba iskar tayarka da fulogi da matatar iska. Sauran kuma ka rage taka totur, ka daina tsere da trotro."

Ya yi dariya ya ce, "Cale, haba Masta, kar ka yi mini haka. Ko nawa ne zan biya."

Na ce, "Babu wani saiti, Fuseini. Akwatin ba ya rage mai. Ko a motar wa."

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da kuke yi mini daga benci. Ya ce, "Ashe bai koya maka ba." Ya shiga motarsa, ya danna maɓalli, ya sa a uku. Kafin ya ja ya leƙo ta taga ya ce, "Allah ya ji ƙan Masta Hamidu. Shi kaɗai ya gane akwatin nan a duk Accra, ga shi ya tafi da sirrin."

Na ce, "Amin."